Masta, kafin ka yi mata fomat, duba abin da ta rubuta

Akwai kalma ɗaya da ta daɗe tana cin kuɗin mutanen Tafo, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗaga murya a kanta ba. Kalmar ita ce fomat. Kwamfuta ta daskare, a yi fomat. Ta mutu ta tashi da kanta, a yi fomat. Fuskarta ta koma shuɗiya da wani dogon Turanci, a yi fomat. Tun daga 'yan shagunan gyara na bakin titin Mampong har benayen PZ a Adum, amsar kusan ɗaya ce. A share komai, a zuba sabon Windows, mai kaya ya biya ya rungumi abarsa ya tafi. Bayan sati biyu ko uku ta koma gidan jiya. Ya dawo, a sake fomat, ya sake biya.

A ganina wannan kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Lokaci ya yi da mu masu kai gyara da 'yan uwanmu masu gyara za mu faɗa wa juna gaskiya.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai kwamfuta ce kawai. Mai faɗin haka bai san abin da ke cikin kwamfutocin Zango ba. A cikinsu ake tsara katin aure da na suna da fostar addu'ar arba'in. Da su ake cike takardar neman fasfo da ta shiga jami'a. In sakamakon BECE ya fito, aka zo duba makarantar da aka tura yaro, je ka ga layin iyaye a ƙofar kafe. Malamin makaranta yana da sunayen ɗalibansa da tambayoyin jarrabawa na shekaru a cikin laftof ɗaya. Ɗalibin KNUST yana da aikin kammala karatunsa a ciki. Mai shago yana da lissafin masu bashi. Ranar da kwamfutar mai kafe ta kwanta a makon duba sakamako, cinikin da yake jira tun farkon shekara ne ya wuce shi. Ranar da aka share ta malam ba tare da an kwashe kayan ciki ba, wahalar shekaru ce ta tafi cikin rabin awa.

To me ke kayar da kwamfuta haka? Kamfanin Microsoft, mai Windows, ya wallafa wa masu gyara abin da ya gano da ya bincika musabbabin irin wannan faɗuwa. Kashi 70 cikin 100 daga direbobin da wasu kamfanoni suka rubuta ne. Kashi 10 daga lalacewar ƙarfen kwamfutar. Kashi 5 daga aikin Microsoft ɗin kansa. Sauran kashi 15 ba a iya gane dalilinsu ba. Na san za a ce ai kowa kansa yake wankewa, kuma da gaskiyar mai faɗi. Amma ko an rage wani abu daga lissafin, direba ne dai babban wanda ake zargi.

Sunan yana ruɗar mutane, don da an ce direba sai hankali ya tafi wurin mai tuƙa tirotiro. Direban kwamfuta wata 'yar manhaja ce, aikinta tafinta. Windows bai san yaren firinta ba, bai san na katin hoto ba, bai san na Wi-Fi ko na lasifika ba. Kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta, ko wanda aka jona mata, yana da nasa tafinta, wanda yawanci kamfanin da ya ƙera ƙarfen ne ya rubuta. Ka ɗauka ɗan Nijar ne ya sauke albasar Galmi a Kumasi, ba ya jin Twi, mai saye kuma ba ta jin Hausa. Cinikin yana hannun wanda ya tsaya tsakaninsu. In ya juya magana daidai, a rabu lafiya. In kunnensa ya yi nauyi, ko kuma wanda aka jawo bai ƙware a yaren ba, sai a ce goma ya ce ashirin, rigima ta kaure.

Abin da ya sa kuskuren direba ya fi na sauran manhajoji muni shi ne wurin zamansa. Manhaja irin su Word ko Chrome baƙuwa ce, a zaure take tsayawa. In ta yi hauka sai Windows ya kore ta ya rufe ƙofa, gida yana nan lafiya. Yawancin direbobi kuwa 'yan gida ne, suna riƙe da mabuɗin ƙuryar ɗaki. In ɗayansu ya taɓa abin da bai kamata ya taɓa ba, Windows ba shi da wata dabara illa ya tsayar da komai nan take, don kada ɓarnar ta kai ga fayilolinka. Shuɗin allon nan da ke faɗar mana da gaba, wanda a sabon Windows 11 suka mayar da shi baƙi tun 2025, birki ne kwamfutar ta taka da gangan.

Kuma ba a shiru take tsayawa ba. Tana rubuta dalili. A ƙasan allon akwai sunan matsalar da manyan baƙaƙe, irin su DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL ko VIDEO_TDR_FAILURE. Sau da yawa har sunan mai laifin take bayarwa, wani fayil da sunansa ke ƙarewa da .sys. In ka ga nvlddmkm.sys, direban katin hoton Nvidia ne. In ka ga atikmpag.sys, na AMD ne. In igdkmd64.sys ne, na Intel. Bayan haka tana ajiye ɗan rahoton abin da ya faru a wata jaka mai suna Minidump a cikin jakar Windows, don mai gyara ya buɗe ya karanta. Nan ne fomat ya fi ba ni haushi. Abu na farko da yake sharewa shi ne wannan shaida. Marar lafiya ya zo da takardar gwaji a hannu, likita ya yaga ta bai karanta ba, sannan ya rubuta magani.

Akwai dalilin da ya sa ciwon ya fi kama kwamfutocinmu. Kaɗan ne daga cikinmu ke sayen sabuwa a kwali. Namu homyus ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su a kwantena suka sauka a Tema. Da yawansu don Windows 7 ko 8 aka ƙera su, kuma fanko suke isowa, an share cikinsu tun a can. Mai sayarwa yana da filash ɗaya, da shi yake zuba wa HP da Dell da Lenovo da Toshiba Windows iri ɗaya. Sannan ya kawo irin manhajar nan mai ɗauke da dubban direbobi a dunƙule, ya danna maɓalli ɗaya ta zuba duk wanda ta ga ya yi kama. Wani ya dace, wani ya kusa dacewa. Wanda ya kusa dacewar nan shi ne zai yi aiki lafiya yau da gobe, ranar da ka buɗe bidiyo ko ka jona firinta sai ya tuntsure. Daga nan kuma a kashe sabuntawar Windows gaba ɗaya, wai don kada ta cinye data, ko don kada a gane kwafin ba na asali ba ne. Gyaran da masu ƙarfen suka fitar daga baya ba zai taɓa isowa ba ke nan.

Yanzu ka haɗa lissafin da kanka. Kwamfuta ta faɗi saboda direban da ke cikin filash ɗin masta. An kai wa masta. Ya yi fomat, ya ɗauko filash ɗin nan dai, ya sake zuba direban nan dai. Me kake jira ya canza?

Na ga haka da idona a shagon wata 'yar uwata mai buga takardu a nan Tafo. Sau uku ana yi wa kwamfutarta fomat cikin wata biyu. A na biyun ta rasa samfuran katunan aure da ta tara shekara da shekaru. Da na raka ta karo na ukun, na ce wa mai gyaran, “Masta, wai me ke damunta ne?” Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Bairos ne, Alhaji.” Da ta sake faɗuwa a karo na huɗu, wani yaro ɗalibi da ya zo buga takarda ya ce, “Hajiya, don Allah kar ki kashe, bari in ɗauki hoton allon.” Ya bincika sunan fayil ɗin a wayarsa. Ashe direban wani ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi ne da ta saya da araha ta soka a bayan kwamfutar. Aka zare shi, aka jawo mata waya daga na'urar intanet ɗin. Ko sisi ba ta kashe ba, kuma kwamfutar ba ta ƙara faɗuwa ba.

Kada a ɗauka ciwon talaka ne kawai. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil na sabuntawa. Direban manhajarsa, wanda shi ma ɗan ƙuryar ɗaki ne, ya karanta fayil ɗin ya tuntsure. Microsoft ya ce kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 ne suka faɗi. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin 'yan kwanaki. Maganin da aka sanar fa? A tayar da kwamfutar ta Safe Mode, a shiga jaka kaza, a goge fayil ɗaya, a sake kunnawa. An gano mai laifi da sunansa, aka cire shi, kayan mutane suna nan yadda suke. Da irin gyaranmu aka bi, da duniya ta yi asarar da ba za ta lissaftu ba.

Wannan labari yana kuma gyara wata fahimta da ta yaɗu, wai kullum sabon direba ya fi. Wani lokaci tsufa ne ciwon, wani lokaci kuma sabon ne ya zo da cutarsa. Shi ya sa tambayar farko da ta kamata mai gyara ya yi ita ce, me ya canza kafin ta fara? An jona sabuwar firinta? An sa sabon maganin bairos? Ta yi sabuntawa jiya da dare? Mai kaya yakan manta, amma kwamfutar ba ta mantawa. Rubuta reliability a wurin bincike na Windows, ka buɗe tarihin da zai fito. Za ka ga ranaku a jere, da jan alama a duk ranar da ta faɗi, da abin da aka zuba mata kafin nan.

In sabon direba ne ya jawo, a shiga Device Manager, a danna kan ƙarfen, a je shafin Driver, a zaɓi Roll Back Driver, ta koma kan na da. Da tsohuwar zuma ake magani. In kuma tsufa ne, ko tun farko ba nata aka sa mata ba, a juya laftof ɗin a duba takardar da ke manne a ƙasanta. Dell suna da lambar da suke kira Service Tag, HP da Lenovo suna da lambar siriyal. A sa lambar a shafin kamfanin, zai kawo direbobin da aka yi domin wannan samfurin, kyauta. In an rasa inda za a kama, a riƙe Shift a danna Restart, a bi ta nan a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su. In ta zauna lafiya a can, to mai laifin yana cikin waɗanda aka bari a waje. A riƙa canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza biyar a lokaci guda, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba.

Ban ce kowace faɗuwa direba ne ba. In ta ci gaba da faɗuwa har a Safe Mode, ko sunan matsalar yana canzawa kowane lokaci, sai a koma kan ƙarfe. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta kashe kanta. RAM yana lalacewa, kuma Windows yana da abin gwada shi mai suna Windows Memory Diagnostic. Rumbun ajiya yana tsufa. Wutar ECG mai ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, da cajar bogi, su ma suna da nasu kason. To amma duba da kyau, a duk waɗannan babu wanda fomat ke warkarwa. Fanka mai ƙura tana nan da ƙurarta ko sau goma aka zuba sabon Windows.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne muna da misali a ƙofar gida. Suame Magazine ba ta da nisa da Tafo, kuma da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu can suka koyi sana'a. Kai wa tsohon makanike mota tana tari ka gani. Zai ce a tayar, ya kasa kunne. Ya tambaye ka tun yaushe, da safe take yi ko in ta yi zafi, a ina ka sha mai. Ya duba fulogi, ya duba matatar mai. Na zamani ma har na'ura suke jonawa ta karanto musu lambar matsalar. Makaniken da ke sauke inji duk lokacin da mota ta yi atishawa ba zai yi wata uku a Magazine ba, yaransa ma za su yi masa dariya. Me ya sa abin da ba za mu yarda a yi wa motarmu ba muke biya a yi wa kwamfutarmu?

Sai dai adalci ne a saurari masu gyara, don na zauna da su na ji. Suna cewa mu ne ba ma son biyan kuɗin bincike. Masta ya yi awa biyu yana bin diddigi, ya ƙona datarsa ya sauko da direba, ya gyara ba tare da ya canza komai da ido zai gani ba, sai mai kaya ya ce, “To ai ba ka yi komai ba, kuɗin me zan ba ka?” Fomat kuwa aiki ne da ake gani, kwamfuta ta fito fes kamar sabuwa, a biya ba gardama. Ga gaggawa, kowa yana so yanzu-yanzu. Ga shi yawancinsu a hannun wani masta suka koya, shi ma abin da ya iya ke nan. Kuma akwai ranar da fomat ɗin ne daidai, kamar in bairos na gaske ya ci Windows, ko fayilolinsa sun lalace yadda ba sa gyaruwa. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin ƙarshe ya zama na farko, kuma a share kayan mutum ba a ko tambaye shi ba. Wanda ya miƙa maka kwamfutarsa amana ya ba ka, da hotunan iyalinsa da sirrin kasuwancinsa a ciki.

Don haka kowa da nasa. Mu masu kaya, in allon ya fito mu ɗaga waya mu ɗauki hotonsa kafin ya ɓace, mu je da shi. Mu kwafe muhimman fayiloli a filash ko a intanet tun ana lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mu tambayi masta me ya gano, in ya ce bairos mu ce wanne. Sannan in ya zauna ya bincika, mu biya shi kuɗin zamansa da daɗin rai, ko da bai kwance ko kusa ɗaya ba. Araha ba ta ado, kuma fomat uku sun fi bincike ɗaya tsada.

Ku kuma mastoci, ku ware kuɗin bincike daban, ku faɗa wa mutum tun kafin ku taɓa. Ku buɗe Minidump kafin ku share, akwai 'yan manhajoji na kyauta irin su BlueScreenView da ke karanta shi cikin minti ɗaya. In fomat ya zama dole, ku kwashe kayan mai shi tukuna, ku kuma sa direbobin kamfanin da ya ƙera ta. Yaran da ke koyo a hannunku, ku koya musu karanta allo kafin ku miƙa musu filash. Wanda ya yi suna da cewa in ya gyara ba a dawowa, layi zai yi masa yawa, don a Zango labari ba ya kwana.

Hukuma ma tana da abin yi. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin koya wa 'yan Gana miliyan ɗaya fasahar kwamfuta da rubuta manhaja, kuma tun 2017 akwai dokar da ta kafa asusun raya Zango. Madalla. Amma yaron da za a koya wa rubuta manhaja, a kan tsohuwar homyus zai yi ta, kuma in ta faɗi wurin masta zai kai. Horon sati biyu ga masu gyaran da ke Tafo da Aboabo da Asawase, a kan gano matsala kawai, ba zai ci wani kuɗin kirki ba. Majalisar Old Tafo da 'yan majalisar unguwanninmu za su iya nemo malamai daga KNUST ko jami'ar fasaha ta Kumasi, a yi shi a ajin wata makaranta lokacin hutu.

Kuma abin da gaggawa. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshin ƙasashen waje za su yi ta sauke waɗanda ba su cancanta ba, kuma mun san tashar da irin waɗannan kaya ke sauka. A nan za a yi musu dabara a cusa musu Windows 11 da ƙarfi, a kan ƙarfen da wataƙila masu shi sun daina rubuta masa direba. Faɗuwa za ta ƙaru, ba raguwa ba. Kowace kwamfutar da aka gaji da ita aka ce ta mutu alhali direba ɗaya ne ke damunta, wurin 'yan gwangwan za ta ƙare, a fasa ta a ƙona wayoyinta, mu shaƙi hayaƙin.

In taka ta faɗi gobe, kada ka yi saurin zare wuta. Ɗauki hoton allon, ka tafi da shi. In masta ya miƙa hannu zai ɗauko filash, ka ce masa, “Masta, don Allah tsaya, duba wannan tukuna.”